Ajiyar Mutumin Taba

Da sunan Allah nake buɗe wannan rubutu, Shi da Ya ba mu aron Baffa, Ya kuma karɓi abinSa a lokacin da Ya so. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu da iyalansa.

Baffana, ƙanen mahaifina, ya rasu da hantsi a gidansa na Makarfi, muka kai shi makwancinsa bayan azahar. Na ɗauki alƙalami ne domin na lura a zaman makoki yaran yanzu suna sauraron labarinsa kamar na wani tsoho mai yawan tambaya kawai. Ina tsoron in mu da muka san shi muka kau, iyakar abin da zai rage ke nan.

Kowa ya zo gaisuwa da irin nasa rashin. Mai injin niƙa na Hunkuyi ya zauna yana juya hularsa a hannu, ya ce, “Yanzu wa zai hana ni shiga kotu? Ni da zuciyata, wallahi sai an ɗaure ni.” Wani direban lorin rake ya ce shi bai taɓa ganin mutumin da za ka je masa da magana ɗaya ka fito da tambaya bakwai ba. Mai kemis na bakin kasuwa ya fara ba da labari yana dariya, kafin ya kai ƙarshe kuka ya ƙwace masa. Daga cikin gida kuma matar Baffa, wadda muke kira Inna, ta aiko a ce wa masu gaisuwa su ɗan ɗaga murya, don shirun zauren yana ba ta tsoro.

Ni kuwa ina zaune hannuna yana cikin aljihu, a kan wani ɗan gwangwanin alawa mai faɗi da Baffa ya damƙa mini kafin ya cika. A bakin ƙofa akwai wani dogon baƙo mai farin gemu, sanye da jallabiya irin ta mutanen gabas. Ya yi gaisuwa a taƙaice, ya zauna, bai ci abinci ba, bai kuma daina kallona ba. Na tambayi na kusa da ni, babu wanda ya san shi. Washegari ya dawo ya zauna a wuri guda. Tun daga nan na fara sa masa ido, domin na san akwai mutanen da suka taɓa neman abin da ke cikin gwangwanin nan da sanduna.

Baffa ya yi aikin muhuti a kotun alƙali, wato mai duba littafi ya faɗa wa alƙali abin da shari'a ta ce. Da ya bar aikin sai ya dawo zaurensa, 'yan kasuwa suka riƙa zuwa neman shawara kafin su ƙulla wata harka ko su kai ƙara. Wasu suna ce masa lauyan 'yan kasuwa, shi kuwa ba ya son sunan. Yakan ce lauya yana jiran ka faɗa rami ne, shi kuma aikinsa ya nuna maka ramin. A wajensa na yi karatun fiƙihu, shi ya gyara mini hannu a rubutun ajami, yana buga mini yatsa da bayan alƙalami idan na cika tawada.

A shekarun farko bayan samun mulkin kai, sababbin abubuwa suka yi ta shigowa ƙasarmu: injin niƙa, rediyo, lasifika, shagunan magani. Duk wanda ya kawo wa Baffa maganar sabon abu, tambayarsa ta farko ba ta canjawa. Sai ya gyara zama ya ce, “To, idan mai hulɗa da kai ya tafi gida, me wannan abin yake riƙewa nasa?” Mai kemis ya taɓa amsa masa da cewa ba ya riƙe komai, magani kawai yake sayarwa. Baffa ya ce, “Jiya a majalisa wa ya ce mai unguwa ya sayi maganin basir?” Mai kemis ya sunkuyar da kai. Baffa ya ce, “Ƙwayar taka ce har ka sayar. Ciwon kuwa nasa ne tun farko, ajiya ya ba ka. Ka ɗauki kayan mutum ka raba a majalisa.”

Ni sana'ata ɗaukar hoto ce. Na koyo a Zariya, na dawo da akwati mai ƙafa uku da baƙin ƙyalle, ina ɗaura shi a keke ina bin kasuwanni, Makarfi, Hunkuyi, har Ikara. Mahaifina ya yi fushi ƙwarai. Ya je har zauren ƙanensa ya ce, “Kai ka karantar da shi, kai za ka hana shi wannan aikin.” Baffa ya ce, “Yaya, bana wa ya tafi Hajji a jirgi babu hoto a fasfonsa? In ɗanmu bai ɗauka ba, wani zai ɗauka, wanda bai san amana ba.” Suka yi watanni gaisuwa kawai ke haɗa su. Sai da mahaifina ya tashi tafiya Makka, ya zauna a gaban akwatina fuska a murtuke, Baffa yana gefe yana ce masa, “Yaya, ɗan saki fuska, kada a can su ce ba da son ranka ka zo ba.”

Irin akwatina ba ya fitar da hoto kai tsaye. Takarda ta farko tana fitowa a juye: baƙi ya zama fari, fari ya zama baƙi. Daga ita ake buga hotuna na sosai, ko nawa ake so, ko bayan shekaru. Muna ce mata uwar hoto. Masu ɗaukar hoto na birni suna tara su, su kuma rataye hotunan mutane a ƙofar shago don jan ciniki. Da na bayyana wa Baffa haka, sai ya ce, “Ashe wannan ya fi kemis haɗari. Takarda taka ce, ruwan wanki naka ne, fuska ba taka ba ce.” Ya kafa mini ƙa'ida: kada in rataye fuskar kowa sai ya yarda da bakinsa. Uwar hoto in miƙa wa mai ita tare da hotunansa. Wanda ya ce in ajiye masa, to a gaban shaidu biyu, kuma ta zama ajiya da dukan hukuncinta.

Wani attajiri ya taɓa kawo ƙarata don na ɗauki matarsa hoton fasfo na miƙa mata uwar hoton a hannunta. Ya ce shi ya kamata a ba, ai matarsa ce. Baffa ya dube shi ya ce, “Alhaji, aure ka yi, ba sayen fuska ba.” Zauren ya fashe da dariya, shi ma Alhajin bai san lokacin da ya dara ba.

Haka muke har ranar da wani manomi daga ƙauyen Taba ya zo rumfata a kasuwar Makarfi. Matashi ne dogo, gemunsa baƙi wuluk, yana tara guzurin Hajji. Na ɗauke shi, na ba shi hotunansa. Ya ce in riƙe masa uwar hoton, don ɗakinsa yana yoyo da damina, ga gara. Na kira telan da ke maƙwabtaka da ni da mai kemis suka shaida. Da zai tafi ya ce, “Mai akwati, ka riƙe mini fuskar nan da kyau, don ita kaɗai gare ni, kuma ko ita ba kyau ne da ita ba.” Muka yi dariya.

A lokacin siyasa ta yi zafi. Akwai wani ɗan kwangila mai faɗa a ji, ba zan ambaci sunansa ba, ya riga mu gidan gaskiya. Yana da yara da ya ɗebo daga birni, suna yawo a bayan mota da sanduna. Aka ƙone rumbunan wani dattijo da ya ƙi bin ra'ayinsa. Kowa ya san su wa suka yi, kowa ya kama bakinsa, in ban da wannan manomin na Taba. Ya tsaya a tsakiyar kasuwar Hunkuyi ya ce ya gan su da idonsa, kuma zai faɗa a gaban alƙali. Kafin rana ta faɗi 'yan uwansa suka fitar da shi daga gari.

Yaran ɗan kwangila baƙi ne, ba su san fuskarsa ba. A ƙauyen manomin kuwa in suka yi tambaya, sai wani ya ce dogo ne, wani ya ce gajere ne. Sai wani ya tsegunta musu cewa ya taɓa zama a gaban akwatina. Babbansu ya same ni a rumfa, wani ƙato mai tabo a goshi. Ya ɗauki murfin gilashin akwatina yana wasa da shi, ya ce, “Mai hoto, Maigida yana gaishe ka. Hotunan ɗan Taban nan muke so, da yawa, za a raba a tashoshin mota, Zariya da Kano. Ranar kasuwa mai zuwa za mu zo karɓa.” Ya ajiye murfin a hankali, ya ƙara da cewa, “Akwatin nan da kyau yake. Katako ne, ko?”

Ban san yadda na isa zauren Baffa ba. Na zube a gabansa na ce, “Baffa, zan ƙone ta. In suka zo in ce ta lalace.”

Ya ce, “Taka ce?”

Na ce, “A'a.”

“To ba ka ƙone kayan wani. Kuma ƙarya za ka yi, su kuma ba za su yarda ba, sai su ƙone ka da akwatin.”

“To in ba su?”

“Ka ba su, a tsinci gawarsa a bayan tasha, kai ka nuna shi.”

Na ce, “Baffa, ba bayarwa, ba ƙonewa, to me ya rage? Ina da iyali.”

Ya jawo gafakarsa ya zaro littafi, ya buɗe babin ajiya, ya sa yatsa ya ce in karanta da kaina. Hukuncin shi ne, wanda aka ba ajiya, idan ya ji tsoron wurinsa ba shi da aminci, ya halatta ya mayar da ita hannun wani amintacce a gaban shaidu. Ina gama karantawa na gane inda ya nufa. Na ce, “A'a, Baffa, kai tsoho ne.” Ya ce, “Shi ya sa. Je ka kira tela da mai kemis.” A gabansu na miƙa masa uwar hoton a cikin gwangwanin alawa. Ya ce da ni, “In sun zo ka gaya musu gaskiya, ka ce tana wajena. Ka biyo su da akwatinka.”

Kwanakin da suka biyo baya ban iya cin abinci ba. Duk ƙarar mota sai in leƙa waje. Inna ta kira ni cikin gida ta ce, “Ɗan nan, me ka kawo wa Malam? Ya ce in kai yara gidan iyayena.”

Ranar kasuwa suka zo da hantsi. Na gaya musu, suka tasa ni gaba, akwatina a kafaɗa. Baffa bai zauna a cikin zaure ba. Ya shimfiɗa buzunsa a waje, ƙarƙashin dalbejiya, inda masu wucewa kasuwa suke gani, gwangwanin yana gabansa a fili. 'Yan kasuwa da dama suna tsaitsaye nesa-nesa, babu mai matsowa, babu kuma mai tafiya.

Mai tabo ya ce, “Baba, sannu da hutawa. Saƙon Maigida muka zo karɓa.”

Baffa ya ce, “Sannunku da zuwa. Ga shi nan. Kun zo da sammacin alƙali?”

“Wane alƙali? Maigida ne ya aiko mu.”

“Maigidanku mutum ne mai daraja, amma ba shi ya ba da ajiyar ba. Mutum biyu ke karɓar wannan: mai ita, ko alƙali a zaman kotu, bayan an faɗi laifin da ake tuhumar mutumin da shi. Ku je ku faɗi laifinsa a can, ni zan kai da ƙafata.”

Ɗaya daga cikinsu ya buga sanda a ƙasa ya ce, “Tsohon nan wasa yake da mu.”

Baffa ya ce, “Ba ni da ƙarfin hana ku. Ba zan ba ku ba, amma ga shi, hannu kawai za ku miƙa. Sai dai sunan wannan ƙwace, a gaban duk mutanen nan.” Sannan ya juyo gare ni. “Ɗana, kafa akwatinka.”

Na kafa. Na saita shi a kan buzun, na riƙe murfin gilashin. Baffa ya ce da su, “Ƙa'idarmu ba ma ɗaukar fuskar kowa sai da yardarsa. Wanda ya tsaya inda yake, babu ruwan akwati da shi. Wanda ya miƙa hannu kan ajiyar nan, za a buɗe murfin, kuma shi ya jawo.”

Mai tabo ya tako har bakin buzun, ya sunkuya. Na ga yatsunsa a buɗe. Sai ya ɗago ya dubi gilashin. Mutumin da aka aiko neman fuskar wani don a raba a tasha ya fi kowa sanin abin da ake yi da fuska. Na ga yaransa biyu sun ja rawani sun rufe hanci, ɗaya ya koma bayan bishiya. Ya daɗe a sunkuye. Daga baya ya miƙe, ya tofar da yawu, ya ce, “Baba, za ka ji daga gare mu.” Suka hau motarsu.

Da suka tafi Baffa ya ce in ba shi buta. Ya kasa riƙe ta, ruwan yana zuba a rigarsa, sai ni na zuba masa. Na ce masa a hankali, “Baffa, akwatin nan sai mutum ya tsaya cak yake ɗauka. Da mai tabo ya fizgi gwangwanin ya juya, hayaƙi kawai zai fito a hoton.” Ya ce, “Na sani, ai na ga yadda kake wahala da yara. Na ce za a buɗe murfi, ban ce me zai fito ba.” Sai ya dube ni, idonsa ya yi ja, ya ce, “Tun asuba gwiwoyina ba sa ɗaukata. Shi ya sa na zauna.”

Mun ji daga gare su kuwa. An sa wa gonar raken Baffa wuta ana gab da sara. Aka yi watanni 'yan kasuwa suna tsoron a gan su a zaurensa, masu zuwa sai su biyo ta bayan gida. Ni ma na daina zuwa Hunkuyi, kuma har yau in mota ta tsaya a bayana sai na waiwaya. Ba su je kotu ba, domin babu laifin da za su iya faɗa a can. Daga baya mulki ya canja hannu, ɗan kwangila ya zama mutum kamar kowa. Mutumin Taba kuwa babu labarinsa. Wasu suka ce ya mutu a hanya. Na sha ce wa Baffa a kai wa danginsa gwangwanin a huta. Sai ya ce, “Ka ga gawarsa? To ba gado ba ne, ajiya ce.” Ya sa shi a gafaka tare da littattafansa, shekara da shekaru.

Da ciwo ya tsananta ya aika a kira ni, da tela, wanda yanzu idonsa ya yi rauni, da mai kemis. Ya ce, “Tsoron da ya sa ka kawo mini ya wuce, ni kuma wurina ya daina zama amintacce. Ku shaida na mayar masa.” Ya riƙe hannuna a kan gwangwanin ya ce, “Mai ita, ko alƙali.”

Ranar sadakar uku, bayan an shafa addu'a mutane sun fara watsewa, baƙon nan mai farin gemu ya taso ya durƙusa a gabana. Ya ce, “Kai ne mai akwati?”

Na ce, “Ni ne. Daga ina?”

Ya ce, “Daga nesa. Ina da ajiya a wajenku.”

Na dube shi da idon sana'a, ban ga komai da na sani ba. Kumatun sun faɗa, haƙoran gaba babu. Zuciyata ta ce mini ko cikin yaran ɗan kwangila ne wani ya dawo da tsohuwar gaba, ko an gano inda mutumin yake. Baffa ba ya nan da zan ruga wajensa. Na ce, “A kira mini tela da mai kemis.” Da suka zauna na ce da baƙon, “Wanda ya ba da ajiyar nan ya faɗi wata magana da zai tafi. Mu uku muka ji.”

Ya dubi ƙasa. Sai kafaɗunsa suka fara motsi, ya ce, “Na ce ka riƙe ta da kyau, ita kaɗai gare ni, kuma ko ita ba kyau ne da ita ba.”

Tela ya daki cinyarsa ya ce, “Wallahi shi ne! Ban ga fuskar ba, amma muryar ce.”

Baƙon ya ba mu labarinsa a taƙaice. Ya ratsa tashar Zariya da ta Kano, yaran ɗan kwangila suna tsaye a bakin ƙofa suna duban fuskokin mutane, ɗaya har ya roƙe shi goro bai gane shi ba. Daga nan ya yi gabas a ƙasa, ya zauna a Sudan yana noma, ya sauke farali, ya yi iyali a can. Sai bana ya dawo ganin gida, a Taba aka ba shi labarin abin da ya faru a ƙarƙashin dalbejiya. Ya taho yi wa Baffa godiya, ya tarar ana haƙa kabari. Ya ce kunya ce ta hana shi magana tun ranar farko.

Na ce, “Ku shaida.” Na miƙa masa. Ya buɗe gwangwanin da ƙyar don tsatsa, ya zaro takardar, ya ɗaga ta wajen hasken ƙofa. A uwar hoto komai a juye yake. Saurayin da na ɗauka mai baƙin gemu, ga shi nan a takarda da gemu fari fat, kamar na mutumin da ke riƙe da ita.

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, “Wannan gemun, ba don Malam ba, da a takarda kawai zai yi fari.”

Ya mayar da ita cikin gwangwanin ya sa a aljihunsa, ya nemi a raka shi kabarin. Na raka shi, aljihuna babu nauyi.

Allah Ya jiƙan Baffa, Ya karɓi amanarsa kamar yadda ya mayar da ta mutane, Ya amintar da shi daga tsoron ranar da babu sauran abin ɓoyewa. Mu kuma Ya sa mu cika da imani. Amin.